Fadamar Nguru da Gashuwa: Ƙasar da Ba a Saninta Sai da Ƙafa

Fadamar Haɗeja da Nguru ƙasa ce ta ruwa a tsakiyar rairayi. Kogin Haɗeja yana tasowa daga ƙasar Kano, bayan kogin Kano da na Challawa sun haɗu. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi. Idan suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Jigawa da arewacin Yobe, sai su tarar da tsofaffin tuddan yashi waɗanda iska ta jera tun zamanin da hamada ta fi haka kusantowa kudu. Ruwan ba ya samun hanya miƙaƙƙiya, saboda haka yake rarrabuwa ya bi kwari-kwari, ya cika tafkuna da gulabe, ya malale a kan fadamu, sannan ya sake tattaruwa a wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe. Daga nan ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyakar Najeriya da Nijar a ɓangarensa na ƙarshe, har ya kai Tafkin Chadi. Ruwan sama a wannan yanki kaɗan ne, galibi daga Yuni zuwa Satumba, don haka yawancin abin da ake gani kwance a Nguru da Bade ruwan da ya sauka ne a wasu yankuna masu nisan ɗaruruwan kilomita.

Ta fuskar takarda, wurin bai rasa daraja ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekarar 2000, da faɗin hekta 58,100. Tafkin Dagona ya shiga jerin a 2008, tare da Baturiya ta Jihar Jigawa. Tun 1991 sashen Bade da Nguru, mai faɗin murabba'in kilomita 938, yake cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin wurin da za a kare halittu ba tare da an raba mutane da sana'arsu ba. Duk da haka, ba abin mamaki ba ne yaro ya gama sakandare a Nguru ko Gashuwa bai taɓa taka Dagona ba, kuma ma'aikacin da ya shekara goma a Damaturu ya san sunan wurin ne kawai a takardar kasafin kuɗi. Wannan hasara ce, kuma maganinta ba mai tsada ba ne. Abin da yankin yake buƙata kafin otal da motocin alfarma shi ne hanyoyin ƙafa sanannu, da 'yan jagora daga cikin mutanen ƙauyukan, da baƙi na farko waɗanda za su fito daga garuruwan da ke kewaye.

Maganar lokaci ita ce ta farko. A Turai da Amurka, watannin Maris zuwa Mayu ne mutane suke fita yawon ƙafa a bakin tafkuna, saboda ƙanƙara ta narke, itatuwa sun yi toho. A Nguru waɗannan watanni su ne bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 da rana tsaka, ƙasa ta yi ƙuna, iska ta tsaya cak. Wanda ya kwafi kalandar Turawa ya zo a Afrilu zai sha wahala. Da damina kuma, da farkon kaka, ruwa ne ya cinye hanyoyin, sai kwale-kwale. Lokacin tafiyar ƙafa yana buɗewa ne idan ambaliya ta ja baya, wato daga Disamba, ya yi kyau a Janairu da Fabrairu, ya rufe wajen tsakiyar Maris. Hazo yakan rage nisan gani a wasu ranakun hunturu, amma sanyin yana ba mutum damar yin tafiya mai tsawo. Ƙarshen Fabrairu da farkon Maris suna da wata falala ta daban: ruwa ya ragu, tsuntsaye sun matsu a ƙananan tafkuna inda ake ganinsu kusa, kuma baƙin cikinsu suna cin abinci ba ji ba gani don su tara ƙiba kafin su haura hamada. Bazarar Turai, a taƙaice, daga irin waɗannan tafkuna take samun wasu daga cikin tsuntsayenta.

Nguru ce ta fi dacewa da farawa. Tsohon gari ne na Mangawa, mazaunin Galadiman Borno a da, kuma nan ne layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, ya mayar da garin matattarar gyaɗa, ƙaro, fatu da dabbobi. Tafkin yana gefen gari, ba sai an nemi mota mai ƙarfi ba. Wanda ya fito bayan sallar asuba zai bi hanyoyin da masunta da masu lambu suka riga suka fitar, tsakanin fangalin albasa da tattasai da tumatir, inda injinan ban ruwa suke fara ƙara tun rana ba ta fito ba. Balbela tana bin shanu a gaɓa. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa ba motsi. Kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, takan tashi garke guda tana fito, dinya kuma ta wuce can sama da nauyin fiffikenta. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tona asirin baƙo, don da zarar an kusanci inda yake sai ya cika wurin da kuka. Inda ruwa ya yi kwanciya, bado ya shimfiɗa ganyensa, kuma ba ado kaɗai ba ne, don 'ya'yansa da saiwarsa abinci ne da ya ceci mutane a shekarun yunwa.

A irin wannan tafiya ce mutum yake ganin sana'ar su da idonsa. Akwai mai jefa birgi daga cikin jirgi, akwai mai duba gura da ya kafa tun jiya. Akwai kuma mai su da gora, wanda shi ne ya fi jan hankalin baƙo. Ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ɗan baki a sama. Masunci yana kwantar da cikinsa a kanta, ya toshe bakin da jikinsa, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa yana bin ragarsa. Idan ya ciro kifi sai ya ɗan ɗaga, ya jefa shi cikin gorar, ya koma ya kwanta. Abu ɗaya ya zame masa jirgi da ma'aji, ba mai, ba inji, ba ƙarar da za ta kori kifi. A bakin gaɓa mata da samari suna fafe tarwaɗa da karfasa da kurungu, ana jera su a kan wuta a yi banda, a ɗure a kwali a loda zuwa kasuwannin kudu. Ƙauyukan masunta irin su Dabar Magini sun rayu a kan wannan. Wanda ya wuce a mota gilashi a rufe, ƙamshin hayaƙin ma ba zai ji ba.

Amma ba za a yi nisa ba sai an ci karo da kachalla, kuma a nan ne yawon shaƙatawa yake zama darasi. Ciyawa ce doguwa mai kaurin ganye, tana wuce tsayin mutum, tana tsirowa a cunkushe har kwale-kwale ba ya iya kutsawa. A wurare da yawa a gefen Marma da tafkin Nguru, mai tafiya zai ji motsin ruwa a kusa amma ba zai gan shi ba, sai bango kore iya ganinsa. Dattawan wurin suna iya nuna inda gonar shinkafa take a da, da inda ake jefa raga, duk yanzu ciyawa ta mamaye.

Dalilin yaɗuwarta yana can sama, a ƙasar Kano. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, don samar da ruwan sha ga birnin Kano da noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja. Kafin nan kogin yana da numfashi biyu a shekara: ya cika ya batse da damina, ya janye har wasu rassansa su ƙafe da rani. Ƙafewar nan ce take kashe kachalla, ta kuma ba manomi damar shuka wake ko dawa a kan laimar da ruwa ya bari. Da aka gina madatsun, ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya daina yankewa, yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da kachalla take so. Ta tsiro, ta tare laka, lakar ta toshe tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, ruwan ya karkata zuwa Marma. Sakamakon ya zo biyu, kowanne da ciwonsa. Wasu ƙauyuka a ɓangaren Nguru gonakinsu sun nutse ba sa bushewa, wasu kuma a ƙasa suna jiran ruwan da ba ya isowa yadda ya saba. A shekarun 1960 faɗin ambaliya yakan wuce murabba'in kilomita 2,000. Bayan madatsun da farin shekarun 1970 da 1980, an yi shekarun da bai kai 1,000 ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Cikin kachalla ne tsuntsun nan jan baki yake kwana da dubbansa, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani da igiya. Sauro yana samun mafaka, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Mutanen ƙauyuka sukan yi gayya su shiga ruwa har ƙugu da lauje da adda, su yanke ciyawar daga ƙasan ruwa don ta ruɓe, su buɗe hanyar jirgi. Aiki ne mai cin jiki, ga matsattsaku, ga kaifin ganye, kuma idan ba a bi shi ba shekara mai zuwa ta dawo. Duk wanda ya tsaya ya kalli wannan aiki na awa ɗaya ba zai ƙara ɗaukar maganar sakin ruwa daga Tiga a matsayin zancen injiniyoyi kawai ba. Shi ya sa hanyar ƙafa a Nguru bai kamata ta kauce wa kachalla don a burge baƙo ba. A bi da shi ta cikinta ya gani.

Daga Nguru zuwa Gashuwa tafiyar sama da kilomita 60 ce a kan kwalta, ta Jajimaji, hedikwatar Karasuwa. Kudu da wannan hanya, a ƙaramar hukumar Bade, nan Dagona take. Tafki ne da ya samu daga tsohon lanƙwasar kogi wanda ruwa ya yanke ya bari, yana cika da ambaliya ya riƙe ruwa zuwa cikin rani. Faɗin da aka yi wa rajista bai wuce hekta 344 ba, ƙarami ne idan aka kwatanta da tafkin Nguru, kuma wannan ƙanƙantar ita ce amfaninsa ga mai tafiya da ƙafa, don ana iya bin gefensa cikin safiya ɗaya. Bagaruwa da giyayya suna kewaye da shi, ga inuwa, ga wurin fakewa a kalli ruwa ba tare da an firgita abin da ke kai ba. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin yana shugaban ƙungiyar WWF, shekara biyu bayan an kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru, wanda ƙungiyar NCF ta Najeriya ta yi da haɗin gwiwar RSPB da IUCN, da ofishinsa a Nguru.

Abin da ya kawo su shi ne tsuntsaye. An ƙidaya iri fiye da 300 a wannan fadama, kuma kashi mai yawa baƙi ne masu zuwa daga Turai da yammacin Asiya su yi hunturu. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, tana ƙyanƙyasa a fadamun Rasha da gabashin Turai, ta ƙetare Bahar Rum da Sahara ta sauka a nan wajen Oktoba. Idan Maris ya kusa, namijin yakan yi ado: kai ja-ja mai duhu, da farin layi da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa zuwa wuya, kamar an shafa masa alli. Ganin wannan layi alama ce tafiya ta kusa. Wata safiya za a zo a tarar tafkin ya yi sauƙi, sun tashi da dare. Irin wuraren da suke iya sauka a kudancin Sahara ƙalilan ne: fadamar Djoudj a Senegal, fadamar kogin Kwara a tsakiyar Mali, Tafkin Chadi, da wannan. Idan ɗaya ya lalace, ana jin raɗaɗin a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Bade ba. Bayan baƙin arewa sun tafi, baƙuwar kudu take isowa. Shamuwa tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta, don kowa ya san albishir ta kawo. Gauraka kuwa, wanda a da ake yawan gani a fadamun arewa, ya yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu da lalacewar mazauninsa. Wanda ya gan shi yau ya yi sa'a.

Tsakanin tafki da tafki akwai tudu, kuma tudun ma yana da abin kallo. Goriba ce sarauniyar wannan ƙasa. Ita ce dangin dabinon da ke rassa biyu-biyu, 'ya'yanta masu tauri yara suna gwaigwaya, kabarta kuma dukiya ce: da ita ake saƙa tabarma, faifai, igiya da mafici, ana ɗaurinta dami-dami a kai kasuwa, kuma mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba take neman inuwa da abinci. Aduwa, magarya, kanya da dakwara mai ba da ƙaro duk suna nan. Ta cikinsu burtali yake ratsawa, hanyar da Fulani suke bi da shanu zuwa burugun fadama idan ciyawar tudu ta ƙare. Burtali shi ne hanyar ƙafa mafi tsufa a yankin, kuma inda aka cinye shi da noma nan ne rikici yake tashi. Sanya masa alama da kiyaye shi zai amfani makiyayi da manomi kafin ya amfani ɗan yawon buɗe ido.

Gashuwa, mazaunin Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, kuma gaɓar kogin da rani wurin tafiya ce mai daɗi da yamma, tsakanin gonakin shinkafa da lambuna, ana kallon masu fito da masu wanki da yara masu kamun kifi. Kudu da ita akwai Gogaram, tsohuwar hedikwatar Badawa, inda ragowar ganuwa take shaida yadda mutanen suka yi amfani da ruwa da daji suka kare kansu daga maƙwabta masu ƙarfi a ƙarni na 19. A yankin ne ake yin bikin kamun kifi na Bade, wanda ya kamata a ce sunansa ya kai na Argungu nisa. Alaƙar mutanen Yobe da ruwa ta girmi duk waɗannan. Jirgin Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙaramar hukumar Fune, an ƙiyasta shekarunsa kusan 8,000, yana cikin jiragen ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a duniya. Mai ƙarin kwanaki zai iya miƙawa arewa zuwa Yusufari ya ga tuddan yashin Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura mai kanwa da dabino, ko ya nufi duwatsun Machina, amma wannan tafiya ce ta daban mai buƙatar mota da shiri.

Za a iya cewa wannan duk zancen ƙoshi ne. Mutumin da ya wuni yana tafiya don neman itace ko ruwa, me zai yi da tafiyar nishaɗi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi kuskuren wanda ake nufi. Masunci da makiyayi ba sa buƙatar a nuna musu fadama, su ne malamanta. Waɗanda suke buƙata su ne ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, 'yan majalisa, mutanen da suke cin shinkafar Gashuwa da bandar Nguru amma ba su san daga inda ruwan yake zuwa ba, kuma su ne za su yanke shawara a kansa gobe. Ga kuma lafiyar jiki, a zamanin da hawan jini da ciwon suga suka yawaita a tsakanin masu zaman ofis da shago. Addini ma bai bar wannan ba, don Alƙur'ani ya yi kira a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a lura da halitta. Fita duba tsuntsu da itace ba al'adar aro ba ce.

Jiran baƙin waje kuwa kuskure ne. Tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani har aka sa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa a Mayun 2013, ƙasashen Turai suke gargaɗin mutanensu kada su zo jihar, kuma irin wannan gargaɗi yana daɗewa ko bayan al'amura sun lafa. Wurin da 'yan ƙasa ba sa zuwa, baƙo ba zai fara zuwa ba. Idan motocin makarantu daga Potiskum, Haɗeja, Damaturu da Kano suka saba sauka a Dagona duk Janairu, labari zai kai inda ya kamata da kansa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Da farko a zauna da bulamai da lawanai da sarakunan ruwa da ardon Fulani, a yarda a kan inda hanya za ta bi da inda ba za ta bi ba, don ƙasar nan kowane taku nata yana da mai shi. Hanyoyi biyu ko uku sun isa farawa: gajeriya a gefen tafkin Nguru wadda tsoho da yaro za su iya, zagayen Dagona tare da ma'aikatan gandun daji, da ta gaɓar kogi a Gashuwa. A kafa turaku masu fenti waɗanda ambaliya ba za ta ɗauke ba, a yi rumfar zana a inda za a huta, a rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci, don yaro ya ga harshen gidansu ma ilimi ne. Sama da komai, ɗan jagora ya zama ɗan ƙauyen, a san kuɗinsa, a ba shi a hannu. Saurayin da yake samun abin cefane daga nuna wa mutane dinya ba zai bari a zuba mata guba ko a kafa mata tarko ba, kuma wannan ya fi kowane mai gadi tasiri. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana zaune a bakin ɗakin gwaji mafi girma da kowace jami'a za ta yi fata. Ya dace ɗalibanta su riƙa shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a duniya duk tsakiyar Janairu, kuma ranar fadamu ta duniya, 2 ga Fabrairu, a yi ta a bakin tafki maimakon ɗakin taro.

Mai niyyar zuwa ya kiyaye wasu abubuwa. Ya fito da sassafe ya dawo kafin hantsi ya yi zafi, da ruwan sha isasshe da malafa da takalmi rufaffe, saboda ƙaya da maciji. Kada ya shiga kwantaccen ruwa don wanka ko wasa, tsargiya gaskiya ce a wannan yanki. Ya fara gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tambayi halin da hanya take ciki a ranar, kada ya kai dare a daji. Kada ya taka shuka, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mata ko gidan mutane ba izini, kada ya jefi garken tsuntsaye don ya ga tashinsu, domin kowane tashi na banza yana cin ƙarfin da suke tarawa don hamada. Ledar ruwan da ya sha ya koma da ita.

Duk wannan yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato ruwan ya ci gaba da zuwa a kan lokacinsa kuma ya janye a kan lokacinsa. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar take samarwa ta noma da su da itace, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a nan ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka tare don manyan ayyukan ban ruwa a sama. Ba a ma sa kiwo da cikar rijiyoyi cikin lissafin ba. Maƙwabta sun gwada gyara: a arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logone, an buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. A nan ma akwai hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are mai riƙe da makullin Tiga da Challawa, akwai kuma asusun da jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka kafa da gwamnatin tarayya a 2006 don kula da kogin baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsarin sakin ruwa da zai kwaikwayi yadda kogin yake a da, da yashe rassan da suka toshe a kai a kai, ba sai an yi ambaliya irin ta 2022 a tashi a guje ba.

Kogin Jama'are shi ne har yanzu ba a datse ba, kuma shi ne yake kawo mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa. Duk lokacin da aka ta da maganar kammala madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, rayuwar Bade da Gaidam da Damasak ce ake ciniki. Mutanen Bauchi suna da haƙƙin neman ci gaba, amma ba daidai ba ne a yanke wannan hukunci ba tare da na ƙasa suna zaune a wurin ba. Sarakunan Bade da Nguru, da 'yan majalisar da ke wakiltar arewacin Yobe, su nemi duk jami'in da zai sa hannu a kan rabon ruwan nan ya zo Marma cikin Fabrairu, ya sauka daga mota, ya bi gaɓa da ƙafa tare da masunta kafin ya ɗauki alƙalami.